Yadda za ka auna zafin ƙasar gonarka, ka gane inda ƙarfin rana yake tafiya

A Maradi rana tana tsayawa daidai bisa kanmu sau biyu a shekara, ƙarshen watan Afrilu da tsakiyar watan Agusta. In ka kafa sanda tsaye da rana tsaka a waɗannan kwanaki, inuwarta a gindinta za ta taru. Rana ɗaya ce, tsayinta a sama ɗaya. Amma a Afrilu zafin iska yana haura digiri 40, rairayi ba ya takuwa sai da takalmi, a Agusta kuwa da kyar yake wuce 32, yara suna yawo cikin gona ƙafarsu a ƙasa. Abin da ya raba watannin biyu shi ne abin da hasken ya ratsa a sama da abin da ya tarar a ƙasa: girgije ko sarari, ganye ko rairayi, danshi ko bushi.

Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare nan cikin gari, muna kuma da gonar gado a hanyar Tibiri. Can nake kai ɗalibai su auna wannan abu da hannunsu, don na lura abin da yaro ya auna da kansa ya fi zama masa a kai. Ga yadda muke yi, ko wani malami ko manomi zai so ya gwada.

Lissafin tukuna

Hasken da ke isowa saman sararin duniya ƙarfinsa wat 1,361 ne a kowane murabba'in mita, wato fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya. Iska da ƙura da tururin ruwa suna rage shi a hanya, sai wat 900 zuwa 1,000 su sauka ƙasarmu da rana tsaka in sama ta yi garau. In aka tara na yini guda, wajen kilowat-awa 6 ne, irin kilowat ɗin da ake rubuto maka a takardar kuɗin wuta.

Wannan ƙarfi ba ya ɓacewa. Wani kashi ƙasa tana mayar da shi sama nan take, haske ya shigo haske ya koma, bai ɗumama komai ba. Sauran ta shanye, kuma dole ta rabu da shi ta hanya huɗu. Tana fitar da huci, irin wanda kake ji a fuska in ka gifta kusa da bangon siminti bayan magariba. Ido ba ya ganinsa, amma yana tafiya sama kamar yadda haske ke tafiya. Tana gasa iskar da ke shafarta, iskar ta tashi da zafin, shi ke kawo kawalwalniya a kan kwalta, shi ke tada guguwa a bazara. Wani zafin yana nutsewa cikin ƙasa da rana, ya hauro da dare. Na huɗu kuma, in akwai ruwa, zafin yana ƙarewa wajen mai da ruwan tururi.

Ka riƙe na huɗun nan da kyau, don shi ne mai cin kaso babba. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta ƙafe, sai ta ci kusan kashi biyu cikin uku na kilowat-awa. Hakan ya ninka ƙarfin da zai ɗauke ta daga digiri 30 zuwa tafasa sau bakwai zuwa takwas. Zafin da ya shiga tururi kuwa ba ya hawa kan ma'auni, ba ya ƙona ƙafa. Tururin yana tafiya da shi sama, sai can inda ya dunƙule ya zama girgije yake sakinsa. Ke nan duk inda ruwa ke ƙafewa, ko daga ƙasa ko daga ganye, iska da rairayi sun samu sauƙi. Inda babu ruwa, sauran hanyoyi ukun ne ke ɗaukar kayan duka, kuma ba sa iya ɗauka sai ƙasa ta yi jawur.

Kayan aiki da wuraren awo

Babban abin nema shi ne ma'aunin zafi mai kama da ƴar bindiga, wanda ake nuna abu da shi daga nesa. Irin na goshi da aka yi ta amfani da shi lokacin korona yana tsayawa wajen digiri 42 ko 43, sai dai wasu suna da maɓallin da ke juya su zuwa awon kaya, ka duba naka. Wanda ya fi dacewa shi ne na makanikai da masu gyaran firji, da ke sauka ƙasa da sifili sosai, ya kuma haura ɗari. In bai samu ba, ma'aunin gilashi na ɗakin gwajin makaranta mai kaiwa 100 ya isa: ka kwantar da bakinsa a ƙasa, ka yayyafa masa rairayi kaɗan ya rufe shi, ka jira minti uku. Na likita ba zai yi ba. Sai ka haɗa da daro mai faɗi, da abin awon santimita, da tsumma, da zare, da kaye (littafin rubutu) da bik, da salula.

Ka zaɓi wurare kusa da juna, waɗanda za ka iya zagayewa cikin minti goma, don in ka daɗe rana ta gusa, awon farko da na ƙarshe ba za su gwadu ba. Mu a gonarmu muna ɗaukar rairayin jigawa tsirara, da wurin da aka bar kara kwance, da gindin gawo, da gindin kalgo, da wani fako da ke gefen hanya. Wanda ke kusa da lambu, kamar mutanen Jiratawa ko masu garka a bakin Gulbi, ya ƙara da fangalin da aka ba ruwa. Ka kafa ƴar sanda a kowane wuri don gobe ka dawo daidai nan.

Lokaci uku ake awo: bayan sallar asuba kafin rana ta ɓullo, sai tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu, sai bayan isha'i. Rana tsaka a Maradi wajen 12:30 take faɗawa, saboda agogonmu an saita shi da layin digiri 15 gabas, mu kuwa muna wajen 7. Rairayi yana kai maƙurar zafinsa jim kaɗan bayan haka, iska kuma sai wajen ƙarfe uku.

Ka fuskanci rana don inuwarka ta faɗi bayanka. Ka riƙe na'urar daidai gwiwa, bakinta ya kalli ƙasa sak, ka danna sau uku a wurare dab da juna, ka rubuta na tsakiya. Kada ka ajiye ta a rana tsakanin awo da awo, in ta ɗau zafi ƙarya take yi. Zafin iska kuma da ma'aunin gilashi ake ɗaukarsa, a inuwa, daidai ƙirji. Ma'aikatan yanayi ma a cikin farin akwati mai ramuka suke aunawa, sama da ƙasa da mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Shi ya sa rediyo zai ce 42, alhali ƙasar da irinka zai kwanta a ciki ta wuce haka nesa.

A Afrilu da Mayu za ka ga rairayi tsirara ya kai 55, ya kai 60, wata rana ya zarce. Gindin itace mai ganye kuwa yana zama kusa da zafin iska, tazarar tana iya kaiwa digiri 15 zuwa 20 tsakanin wurare biyu da taku goma ya raba. Wurin kara yana ruɗar ɗalibai: in suka nuna bayan karan sai su ga shi ma da zafi, su ce bai yi amfani ba. Busasshen kara ba shi da ruwan da zai fitar, dole ya gasu. Ka ɗaga shi, ka auna ƙasar da ke ƙarƙashinsa nan take kafin rana ta taɓa ta, nan amfanin yake.

Daga nan ka tona. Ka auna a zurfin santimita 5, inda sungumi ke ajiye iri, sannan a kamu ɗaya, sannan a rabin mita. Zafin yana raguwa da sauri in kana sauka, kuma a rabin mita awon asuba da na azahar kusan ɗaya ne. Duk wannan gasuwa ta rana da hucewar dare a ɗan bisan nan take faruwa, wanda bai fi tafin hannu ba, kuma nan ne hatsi ke tsira.

Wata rana muna cikin tonon nan kawuna ya iso daga gonarsa da hauya a kafaɗa, ya tsaya yana kallon yara goma sun duƙa a kan rami. Ya ce, "Mushe, abin da ƙahwata ta hwaɗa min tun ina yaro, shi ka saye na'ura ta hwaɗa ma?" Na ce, "Kawu, ƙafa ba ta faɗin digiri nawa." Ya yi dariya, ya nuna gawon da ke tsakiyar gona ya ce mu duba bana, in ruwan farko ya ɗauke, shukar gindinsa ce za ta rage. Gaskiyarsa. Tsiron hatsi yana jin jiki in ƙasa ta haura digiri 45. Ko ya ƙi fitowa, ko ya fito wuyansa ya ƙone daidai inda ya taɓa rairayi, ya kwanta. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, sun buga sakamako a 1992 da ya nuna cewa albarkar gindin gawo ba ta tsaya ga takin ganye da kashin dabbobi ba, har da sauƙin zafin ƙasa a lokacin tsiro. Gawo kuwa ya dace da aikin: saiwarsa tana nitsewa har ga ruwan ƙasa, yana riƙe ganye duk rani, in damina ta kama ya zubar, ya bar hatsi da ƴar inuwar rassa.

Fari da duhu

Yanzu sai kason da ƙasa ke mayarwa sama, wanda masana ke kira albedo. Ka sa manhajar awon haske a salularka. Ka juya fuskarta sama ka karanta, sannan ka kife ta tana kallon ƙasa daidai ƙugu, hannu a miƙe don kada inuwarka ta shiga, ka sake karantawa. Raba na biyu da na farko. In hasken ya fi ƙarfin salular ta tsaya a lamba ɗaya, ka rufe idonta da farar takarda, amma takardar ta zauna a duka awon biyu.

Busasshen rairayi mai haske yana mayar da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Gonar da ta rufe da ganye, 20 zuwa 25. Daji mai duhu, 10 zuwa 15. Ruwan tafki kamar na Madarunfa, in rana na sama, bai kai 10 ba. A kan ganye salula za ta ba ka lamba ƙasa da waɗannan, don ita hasken da ido ke gani kawai take aunawa, ganye kuwa ya fi mayar da wanda ido ba ya gani. Kada ka tsaya gardama da lambar, jerin ake nema, wane ya fi wane. Ka zuba moɗa ɗaya ta ruwa a rairayin ka sake aunawa, za ka ga ya yi duhu, abin da yake mayarwa ya ragu sosai.

A nan ɗalibi mai kai yake ɗaga hannu. In rairayi ya fi mayar da haske, daji kuma ya fi shanyewa, ai daji ya kamata ya fi zafi. To me ya sa in ka shiga dajin Baban Rafi da azahar kake jin sanyi-sanyi? Amsar tana cikin rabon. Ɗauki rana tsaka mai wat 950, lissafi na kusa-kusa. Rairayin bazara ya mayar da wajen 300. Yana kuma asarar huci mai yawa, don hucin ƙasa yana ƙaruwa da zafinta: a digiri 30 wajen wat 480 take fitarwa, a digiri 60 wajen 700, sama kuma ba ta maido mata duka. Abin da ya rage masa bai fi 400 ba, amma ba shi da ɗigon ruwa, sai ya zuba kusan kashi biyu cikin uku a iska, sauran ya nutse. Wurin da ke da ganye da danshi kuwa, abin da ya rage masa yana iya kai 600 ko fiye, sai dai fiye da rabi tururi ke tafiya da shi. Ya karɓi mai yawa, ya bar wa iska kaɗan. Ga kuma tsayin itatuwa da ke karya iska ya dama ta, zafin kan ganye ya watse sama da sauri, ga inuwa a ƙasa.

Wannan ba doka ba ce ta duk duniya. A Kanada da Saberiya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni, duhun daji yana ɓoye farin da zai mayar da haske, ga shi ƙafewar ruwa kaɗan ce saboda sanyi, sai dajin ya zama mai ɗumama wurin. A ƙasashen zafi irin namu, da manyan dazuzzukan Kwango da Amazon, ƙafewar ruwa ce ke rinjaye.

Don ka ga girman wannan ƙafewa, ka cika daro da ruwa, ka yi alama, ka ajiye shi a fili, ka rufe da ragar waya saboda awaki da kaji. Gobe war haka ka auna abin da ya sauka. A bazara santimita ɗaya ko fiye zai tafi a yini, a Agusta wajen rabin haka. Daro yana ɗan zuzuta abin, don gefensa ma yana ɗaukar zafi, amma ya isa nuni. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a murabba'in mita. Gonar hatsi da ta rufe, ƙasa da danshi, tana iya fitar da milimita 5 a yini, wato lita 50,000 a hekta, jarka 2,000 mai cin lita 25. In ka juya shi zuwa ƙarfi, ya haura kilowat-awa 3 a kowane murabba'in mita, fiye da rabin abin da rana ta kawo.

Akwai ƙaramin gwaji da nake so ƙwarai. Ka naɗe bakin ma'aunin gilashi da jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗaura masa zare, ka wulwula shi a inuwa minti ɗaya ko biyu. A watan Maris zai iya sauka da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da zafin iska. A Agusta da kyar ya sauka da 5, don iskar ta riga ta ƙoshi da tururi. Dalilin ke nan ruwan randa ke sanyi ƙarara a rani, da damina kuwa ya yi lami. Haka ganye ma: iya bushin iska, iya sanyin da yake samu daga gumin da yake fitarwa, muddin saiwa na samun abin ja.

Girgije da hazo

Ka ɗaga bakin na'urar ka nuna sama, nesa da rana. Kada ka taɓa nuna ta ga rana kanta. A daren Janairu mai taurari za ta ba ka lamba ƙasa da sifili sosai, wata na'urar ma ta kasa karantawa. Ka nuna gindin girgije mai kauri da damina, za ka ga 15 ko 20 sama da sifili. Abin da kake aunawa shi ne hucin da sama ke maido wa ƙasa. Busasshiyar sama kaɗan take maidowa, sai ƙasa ta yi ta zubar da zafinta duk dare. Shi ya sa asubar ɗari ke sauka wajen digiri 12 ko 13 a garin da azaharsa ta kai 30. In akwai tururi a iska ko girgije ya rufe, hucin yana dawowa, dare ya ƙi hucewa. Duk wanda ya kwana a tsakar gida a watan Mayu, lokacin da iskar kudu ta fara shigo da laima amma ruwa bai sauka ba, ya san daren da nake nufi.

Ke nan girgije aiki biyu yake yi masu karo da juna. Da rana yana tare haske. Mai kauri yana iya mayar da kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Dare da rana kuma yana tsare huci. Na ƙasa-ƙasa mai kauri, tarewarsa ta fi yawa, sanyaya ƙasa yake yi. Siririn nan na can ƙololuwa mai kama da zaren auduga yana barin haske ya wuce, ya kuma riƙe huci, don haka ɗumamawa yake yi. In aka haɗa na duniya duka, girgije yana rage wa ƙasa wajen wat 20 a kowane murabba'in mita. Ka gwada da kanka: ka tsaya kan rairayi a ranar da girgije ke giftawa ɗaya-ɗaya, ka riƙa dannawa. Cikin ƴan mintoci bayan inuwa ta iso, lambar za ta faɗi da digiri da yawa, ta sake hawa da ya wuce.

Hazo ma haka yake, ko da yake ƙura ce. Yawancin wanda ke rufe mu daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iskar hunturu ke kwaso shi. A watan Maris na 2006 wata babbar ƙura ta rufe Yamai daidai lokacin da masu bincike suka girke na'urori a filin jirgin sama, suka ga hasken da ke sauka da rana tsaka ya ragu da wajen wat 250. Don haka duk ranar da ka yi awo, ka rubuta halin sama: garau, hazo, girgije rabi, ko rufe. In ba ka rubuta ba, bayan wata biyu za ka ɗora wa kara ko gawo abin da hazo ya yi.

Tambayar da manoma suka fi yi mini ita ce ko itace na kiran ruwa. A 1975, bayan farin da ya halaka dabbobi a Sahel, wani masanin Amurka mai suna Jule Charney ya kawo hujja cewa in aka kwashe ciyawa da itace ƙasa ta yi fari, za ta mayar da haske da yawa, iskar da ke bisanta ta rasa ƙarfin tashi, hadari ya ragu. Binciken da ya biyo baya, tun daga 1986, ya nuna cewa zafin ruwan teku ne babban mai juya daminarmu, halin ƙasa kuma yana ƙara wa abin ƙarfi ko ya rage. A 2011 Christopher Taylor da abokan aikinsa, da hotunan tauraron ɗan adam, sun gano cewa hadari a Sahel ya fi tasowa a iyakar jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya, a faɗin kilomita 10 zuwa 40, saboda bambancin zafinsu yana tada ƴar iska da ke tura laima sama. Ka lura da faɗin. Magana ce ta ƙasar kanto guda. Ni dai ba na yi wa kowa alkawarin cewa gawo goma a gonarsa za su jawo masa hadari, kuma ba na jin daɗin masu wayar da kai da ke faɗin haka, don ranar da ruwa ya ƙi zuwa gatari manomi zai ɗauko. Abin da itacen zai yi maka tabbas yana ƙarƙashinsa, kuma na'urarka ta nuna maka shi.

Abin da za ka yi da lambobin

Hasken da ke sauka da girgijen da ke wucewa ba su hannunka. Abin da ke hannunka shi ne fuskar ƙasar. Na farko kara. Na san darajarsa: abincin dabba ne, darni ne, makamashi ne, kuɗi ne a kasuwa in rani ya yi nisa, kuma in ka bar shi wani na iya kwashewa. Ba na cewa a bar shi duka. Ka duba kayenka, wuraren da suka fi zafi a zurfin santimita 5, galibi tudun rairayi da fako, su za ka shimfiɗa wa. A kan fako gara za ta ci shi, ta huda ƙasar, ruwa ya samu hanyar shiga. Ƙona shara lokacin sassabe kuwa asara biyu ce, ka rasa rufi, ka kuma bar baƙin toka da ke ƙara shan rana.

Na biyu sassaben zamani, wato renon tohon kututturan itace a cikin gona, wanda a ƙasar Maradin nan ya samo tushe. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a lokacin, ya fara yaɗa shi a 1983, yunwar 1984 ta sa ya bazu, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Wanda ya je Dan Saga a ƙasar Agye ya ga abin da idonsa. Yadda ake yi ba wuya: in ka zo sassabe, kututturen kalgo ko sabara ko taramniya da ya yi toho, ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa ka bari, ka sare sauran. Ka datse ƙananan rassan gefe har rabin tsayi, da kaifin gatari, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Abin da ka sare ka shimfiɗa a ƙasa, ganyen ya zube nan, itacen ka kai gida.

Amma itace yana shan ruwa, yana kuma tare hasken da hatsi ke bukata, kada a ɓoye wannan. Kalgo ba ya zubar da ganye da damina kamar gawo, sai ka rage masa kai kafin shuka. Dogon yaro inuwarsa ta yi duhu, saiwarsa tana kwasar ruwan gefe, wurinsa bakin gona. A kwarin Majiya na jihar Tawa, tun 1975 aka jera shi layi-layi don tare iska, kuma irin wannan shinge yana kare fili mai nisan kusan ninki goma na tsayinsa. Iska in ta lafa, ba ta kwashe laimar da ke kan ganye da sauri, ba ta kuma bulale tsiro da rairayi.

Sai ruwan kansa. Wanda ya ƙafe daga tsirarar ƙasa ya sanyaya wurin kwana ɗaya ko biyu, bai ba ka ko zangarniya ba. Wanda ya bi ta saiwa ya fita ta ganye ya sanyaya, ya kuma yi tsaba. Wake ko gyaɗa tsakanin layukan hatsi suna rufe ƙasa da wuri, su juya ruwan zuwa hanyar ganye. Bayan noma kuma kada ka firgita in ka ga saman ƙasa ya fi na gonar da ba a nome ba zafi. Busasshen garin ƙasar nan da hauya ta tayar yana yanke wa ruwan ƙasa hanyar haurowa, ka tona ka gani.

In ruwan shuka ya sauka, ba wanda zai tsaya awo, shuka za ka yi. Amma kwana biyu zuwa biyar bayan nan, in sama ta washe, ka fita da ƙarfe biyu ka auna zurfin santimita 5 a wuraren nan naka. Inda ya haura 45 ka ɗaura masa tsumma a sanda, ka ja kara ko rassan sassabe ka rufa tsakanin ramukan, ka kuma ware tiya ɗaya ta iri a gefe saboda maimaicin shuka a nan.